Bulala da Karatun Allo

Tun da Pavlov, masanin nan na ƙasar Rasha, ya lura cewa kare yakan zubo da miyau da jin sautin da aka saba yi masa kafin abinci, ko da abincin bai zo ba, masana halayyar ɗan Adam suka fahimci cewa ɗabi'a tana ginuwa bisa abin da ake yawan haɗa ta da shi. Daga baya, a 1938, Skinner na Amurka ya nuna cewa uƙuba takan danne hali na ɗan lokaci kawai, alhali lada yakan dasa shi ya zauna.

To, almajirin da ke durƙushe da allonsa a zauren Kalgo, ko a Gwandu ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, idan kullum bulala ce ke biyo bayan harafin da ya kuskure, abin da zuciyarsa za ta haddace shi ne tsoron malam, kuma ranar da bulalar ta gushe himma za ta bi ta. Ibn Khaldun ma ya riga Pavlov da Skinner bayyanawa a littafinsa Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da kasala.

Ina roƙon alarammominmu, Allah ya gafarta musu, su yawaita sa albarka duk sa'ad da yaro ya biya daidai, su rataye dorina.