Ra'ayinmu: Takardar shaidar AI ba ta hadda ba ce

Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, hankalin matasan Dutse da kewaye ya ƙara karkata ga neman takardar shaidar ƙwarewa a fannin ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Abin a yaba ne.

Sai dai akwai tarko. Jarrabawar Microsoft, alal misali, ana cin ta da maki 700 cikin 1,000, kuma mai haddace tsofaffin tambayoyi na iya tsallakewa. Amma ranar da mai ɗaukar aiki ya tambaye shi yadda ake horar da na'ura da bayanai, ko dalilin da ya sa gurɓatattun bayanai ke haifar da gurɓatacciyar amsa, asiri zai tonu. Kuɗin rajista da na data sun tafi a banza ke nan.

Saboda haka a fara daga tushe: lissafi, ƙididdiga da tsaftace bayanai.

Muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da gwamnatin Jigawa da su buɗe wa matasa ɗakunan kwamfuta masu wutar sola da intanet, su gwada abin da suka koya kan noman riɗi da shinkafa. Takarda ƙofa kawai take buɗewa, iyawa ce ke riƙe aiki.