Ezinne Kalu: mai raba ƙwallo ce ko mai cin maki?

Muhawarar da matasanmu na Agege ke yi kan Ezinne Kalu, 'yar wasan ƙwallon kwando ta D'Tigress, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, shi ya sa muka ga ya dace mu ma mu tofa albarkacin bakinmu.

Ga waɗanda ƙwallon ƙafa kawai suka sani, gurbin da take bugawa shi ake kira lamba ɗaya. Ita ke ɗauko ƙwallo daga baya, dole ta tsallake tsakiyar fili cikin daƙiƙa 8, kuma ƙungiya ta yi jifa kafin daƙiƙa 24 su cika. Ita ke zaɓar wadda za a ba ƙwallo da lokacin da za a ba ta. A taƙaice ita ce madugu.

Masu sukarta na cewa madugu ba ya cin guzurin ayari. A ganinsu Kalu ta fi son jifa da kanta fiye da neman abokiyar wasan da ke tsaye ba mai tsaronta, kuma ranar da hannunta bai faɗa ba sai ƙungiya ta tsaya cik. Suna da hujja mai ƙarfi: a 2023 Najeriya ta ci kofin Afirka a Kigali ba tare da ita ba, ta doke Senegal a wasan ƙarshe. Sai su ƙara da cewa ba ta da tsayi, kuma an haife ta a 1992, ƙafa ba za ta ci gaba da gudu kamar da ba.

Mun yarda da batun shekaru. Sauran kuwa muna da ja.

Cin kofin Afirka daban, karawa da manyan duniya daban. A gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, Najeriya ta doke Ostireliya da ci 75 da 62, Kalu ta ci maki 19. Da Kanada aka tashi 79 da 70, ita ta ci 21, kuma wannan nasara ce ta sa D'Tigress ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwando na Olamfik. Waɗannan ƙasashe sun fi mu dogayen 'yan wasa. Idan aka tsaya miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu ana jiran ƙofa ta buɗe, ba za ta buɗe ba. Sai an samu mai kutsawa, ta ja masu tsaro biyu zuwa kanta, sannan wata ta samu sarari. Kuma ba wanda zai bi 'yar wasa da mutum biyu idan bai ji tsoron jifanta ba. Wato cin makin nata ma hanyar raba ƙwallo ce, ko da alƙaluma ba su nuna haka ba. Ba a banza aka zaɓe ta gwarzuwar gasar Afirka ta 2019 a Dakar ba.

Inda masu suka suka yi gaskiya shi ne dogaro ya yi yawa. Faransa ta lallasa mu 75 da 54 a gasar guda. Amma wannan laifin tsari ne, kuma aikin koci Rena Wakama da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ne su raini magajiya tun Kalu na fili.

Abin da ya fi damunmu a nan gida ne. Yaranmu da ke zuwa atisaye Rowe Park a Yaba ko filin wasa na ƙasa da ke Surulere, jifan maki uku kawai suke kwaikwaya daga bidiyon waya. Ba sa lura da yadda take ɗaga kai tana karanta fili, ko yadda take manne wa mai ƙwallo a tsaro. Galibin yaranmu ba dogaye ba ne, don haka lamba ɗaya ce gurbin da ya fi buɗe musu, mata da maza. Muna roƙon masu horar da su a unguwa su riƙa ware lokaci a kowane atisaye don sarrafa ƙwallo da hannun hagu da miƙa ta cikin matsi, kafin a bar kowa ya je layin maki uku.