Sharhi: Gwame da Ƙafar Baka, Na Abinci da Na Gado



A Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, ba a rasa yaron da ƙafarsa ta lanƙwashe, wani gwame, wani ƙafar baka. Iyaye kan ce zai miƙe da kansa, kuma sau da yawa suna da gaskiya, domin 'yar lanƙwasar da ake gani kafin shekara biyu takan gyaru. Amma idan an wuce nan ƙafa tana ƙara karkacewa, wuyan hannu ya yi kauri, yaro yana kukan ciwo in ya taka, to ƙashi ne bai yi ƙwari ba. Likitoci suna kiran cutar riket.

A ƙasashen sanyi ƙarancin rana ke kawo ta, saboda da hasken rana fata ke haɗa bitamin D. Mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. A 1999 Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Jos a kan yara 123, inda suka nuna cewa sinadarin kalsiyam ne yaranmu suka fi rasawa. Tuwo da koko ba su da shi sosai, nono kuma ya yi tsada. Yawancin waɗannan yara suna warkewa idan aka ba su kalsiyam, aka ƙara musu nono, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci har ƙashi.

Damuwata tana kan 'yan ƙalilan da aka yi wa duk wannan, wata da watanni, ƙafa ta ƙi miƙewa. A nan ake zargin gado, kuma gadon iri-iri ne.

Akwai wanda ƙoda ke zubar da sinadarin fosfet cikin fitsari. An gano ƙwayar gadon da ke jawo shi a 1995, yana kama kusan mutum 1 cikin 20,000. Tafiyarsa a dangi tana da tsari: uba mai shi yana ba dukkan 'ya'yansa mata, ba ya ba namiji ko ɗaya, uwa mai shi kuwa, kowane ciki rabi da rabi ne. Alamunsa gajarta, ciwon gaɓoɓi, da ƙurjin dasashi ba tare da haƙori ya ruɓe ba. Wata uwar nata bai yi tsanani ba, kowa ya ɗauka gajeriya ce kawai, sai a jikin ɗanta abin ya fito fili.

Akwai kuma mai ɓuya, irin na sikila, wanda yakan yi tsanani in yaro ya gada daga uwa da uba gaba ɗaya. A 2015 an sami irinsa a gidaje biyu a Najeriya, inda hanta ke kasa sarrafa bitamin D yadda ya kamata. Auren zumunta, da muke yi don ƙarfafa zumunci, yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da irin wannan ƙwaya su haɗu. Ban ce a daina ba. Na ce a sani kafin a ɗaura, yadda muka fara sabawa da gwajin jini na sikila, wanda Kano ta mai da shi doka a 2024.

Ina roƙon dangi da babbar murya, kada wannan sani ya zama abin gori ga yarinya ko dalilin sakin uwa. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada, kuma a nau'i na biyu uban ma yana ɗauke da shi.

Gwajin ƙwayar gado yana da tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba. Amma gano mai ɗauke da ita daga gida yake farawa. A zauna da kaka a tambaye ta: wa ya yi gwame a ɗakin uwa, wa ya yi a ɗakin uba, wa aka haifa ya daɗe bai yi tafiya ba? A rubuta, a tafi da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Turai 'Yar'adua, tare da 'yan'uwan yaron, ba shi kaɗai ba. Hoton ƙashi da auna kalsiyam da fosfet a jini su ne matakin farko, kuma mai zubar da fosfet maganinsa daban ne. A je tun yaro yana girma, lokacin da magani ke iya miƙar da ƙashi ba sai an kai ga tiyata ba.