Rigima ba haja ba ce

Mu da ke aikin rediyo mun sani, shiri ba ya rayuwa sai da kuɗin talla, kamar yadda rumfa ba ta tsayuwa sai da ciniki. Nan ne ajalin shirye-shiryen talabijin da ake tara taurari gida ɗaya, ana ɗaukar hotonsu dare da rana.

Mu dubi Celebrity Big Brother na tashar Channel 4 ta Ingila. A Janairun 2007 aka saka Shilpa Shetty, wadda muka sani a finafinan Indiya. Jade Goody da ƙawayenta suka dinga ci mata fuska da kalaman wariya, tashar kuwa ta ci gaba da nunawa. Koke sama da 40,000 ya isa hukumar Ofcom, kamfanin Carphone Warehouse mai sayar da salula ya janye tallarsa. Da 'yan kallo suka ragu, tashar ta ajiye shirin a 2010. Channel 5 ta ɗauka, ita ma ta ajiye a 2018, kafin ITV ta sake gwadawa a 2024.

A ganinmu laifin hajar ne. Faɗa ake sayarwa, wanda ya kalli na bana kuwa, baɗi sai an ba shi wanda ya fi muni. In an ƙara, mai talla ya gudu. In an rage, mai kallo ya juya tasha.

Ku da ke cin kasuwar Konni da Illela kun fi mu sani: dambe a bakin rumfa yana tara jama'a, amma ba mai saye a cikinsu. Allah ya ba da kasuwa.