Ba Kowane Zazzabi Ba Ne Na Sauro

Jama'a, a garuruwanmu, tun daga Mai Wurno har ƙauyukan Jazira, da zarar jiki ya yi zafi sai mu ce malariya ce, a tura yaro ya sayo magani. Sau da yawa mukan dace, domin sauro ba ya rabuwa da inda ake noman ban ruwa. To amma akwai wani ciwo mai shigowa da kamannin malariya, wanda jinkirin kwana biyu kan iya sa a rasa mutum. Likitoci na ce masa toksik shok, wato gubar ƙwayar cuta ce ke shiga jini ta durƙusar da jiki.

Wani likitan yara a birnin Denver na Amurka, James Todd, shi ya raɗa masa wannan suna a 1978, bayan ya gan shi a jikin yara bakwai. A 1980 ciwon ya yi ta kama mata masu amfani da audugar cusawa lokacin al'ada, har kamfanin Procter & Gamble ya janye tasa mai suna Rely. Wannan ya sa wasu ke ɗauka ciwon matan Turawa ne. Ko kusa! Ƙwayar, stafilokokas, tana zaune a hanci da fatar masu lafiya da yawa, kafa kawai take nema: yankan lauje a hawasha, ƙunar wuta a jikin yaro, maruru, ko mahaifar mai jego.

Zazzabin farat ɗaya yake tasowa, ya kai 39 a ma'auni, ga amai da gudawa, fitsari ya ragu, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. Littattafai sun ce fata kan yi ja, amma a baƙar fata irin tamu da wuya a gane, gara a duba idanu da harshe. Saɓar tafin hannu da ƙafa kuwa sai bayan mako ɗaya ko biyu take fitowa, kada a jira ta.

Mai jego ta fi ba mu tsoro. An ce ba ta fita sai ta yi arba'in, kuma kunya kan hana ta faɗin abin da ke damunta. Mu maza, da kuɗin mota ke hannunmu, sai mu ce sha'anin mata ne. Alhali maganin, wato ƙarin ruwa da allurai da wanke ciwon, sai a asibiti, Sinnar ko Wad Madani ko wanda ya fi kusa. A cire duk wani tsumma ko audugar da aka cusa, sannan a gaya wa likita maganar haihuwar ko raunin tun kafin ya tambaya.