Layi shida da za su sa kwamfuta ta buɗe mana littafinmu



Yawancinmu da ke rubutu a Mafara, Bakura da Maradun a waya muka fara. Wanda Allah ya hore wa kwamfuta ta hannu kuwa sai ka ga yana riƙe ta kamar kayan aro, ba ya taɓa komai sai abin da mai gyara ya ɗora masa. Ra'ayinmu a wannan makon shi ne wannan tsoron ya isa haka. Malamin allo da kansa yake feƙe alƙalaminsa, ya dama tawadarsa, bai taɓa cewa wannan aikin wani ba ne. Mu ma ya kamata mu iya saita abin da muke rubutu da shi, kuma wuri mafi sauƙin farawa shi ne ɗan hoton nan da muke latsawa manhaja ta buɗe.

Ɗan hoton ba shi ne manhajar ba. Mabuɗi ne kawai, wato 'yar takardar umarni da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta buɗe, da sunan da za ta nuna, da hoton da za ta saka. A kwamfutocin da ke aiki da Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, wannan takarda rubutu ce zalla da kowa zai iya karantawa, sunanta yana ƙarewa da .desktop. Ga wadda za mu iya rubutawa da hannunmu:

[Desktop Entry]
Type=Application
Name=Littafina na ɗaya
Comment=Shafi biyu kafin barci
Exec=libreoffice --writer /home/suna/Rubutu/littafi.odt
Icon=libreoffice-writer

A ajiye ta da sunan littafi.desktop a cikin foldar .local/share/applications da ke gidan mai kwamfutar. Foldar a ɓoye take, sai an danna Ctrl da H take bayyana. Inda muka sa “suna”, kowa ya sa sunan da yake shiga kwamfutarsa da shi. Daga nan “Littafina na ɗaya” zai fito a jerin manhajoji, da ɗ ɗinsa mai lanƙwasa, kuma latsawa ɗaya za ta buɗe littafin.

Akwai wuraren da ake yin tuntuɓe. Abin da ke hagun alamar = na kwamfuta ne, ba a fassara shi, ba a mayar da babban baƙinsa ƙarami. Abin da ke dama a layin Name da na Comment namu ne, mu rubuta Hausar da muka ga dama. Layin Exec shi ne mai tsauri: yana son cikakken adireshin fayil tun daga /home, kuma idan akwai tazara a sunan fayil ɗin, sai an sa adireshin cikin alamar zance. Mabuɗan da suka zo da kwamfutar suna cikin /usr/share/applications. Kada a gyara su a can. A kwafo wanda ake so zuwa foldar gida a gyara kwafin, domin shi kwamfuta za ta fifita, kuma sabunta manhaja ba zai goge shi ba.

Wani zai ce duk wannan wahala don a rage latsawa uku? Ba latsawar ce damuwarmu ba. Kowa a cikinmu ya san yadda ake zama da niyyar rubuta babi, a ce bari a leƙa Facebook minti biyar, a farga cajin ya ƙare, wuta kuma ba ta dawo ba. Mabuɗin da ke kai mu cikin littafi kai tsaye yana kauce wa waccan hanyar da ke bi ta tsakiyar kasuwa.

Sai maganar harshe, wadda ta fi damunmu. Ƙa'idar da ke tsara waɗannan fayiloli, ta freedesktop.org, ta tanadi wurin kowane harshe. Wanda ya buɗe mabuɗin wata babbar manhaja zai ga sunanta a jere da harsuna barkatai, Name[fr] na Faransanci, Name[ar] na Larabci, da sauransu. Alamar Hausa ita ce ha. Sau da yawa za a bi jerin har ƙasa ba a ga Name[ha] ba. Ba wanda ya hana mu shiga. An bar gurbin ne, babu wanda ya zo ya cike shi. Muna yawan kukan cewa fasahar zamani ba ta san Hausa ba, alhali ga layi guda da ba ya buƙatar izinin kowane kamfani. A kula dai, Name[ha] yana bayyana ne idan an saita harshen kwamfutar a Hausa. In ba haka ba, a rubuta Hausar a layin Name kai tsaye kamar yadda muka yi a sama.

Wannan dabarar tana taɓo tsohon ciwonmu na ƙ, ɗ da ɓ. Har yanzu ana turo labarai inda kafa da ƙafa suka zama abu ɗaya, baki da baƙi ma haka, mai karatu ya yi ta canke. Linux tana zuwa da tsarin kibod na Hausar Najeriya. A Linux Mint ana iya yin mabuɗi na biyu mai layin Exec=setxkbmap -layout ng -variant hausa, a sa masa suna “Kibod na Hausa”. A sababbin Ubuntu ya fi sauƙi a ƙara shi ta wurin saitin kibod.

Mu a Zamfara muna da wani dalilin na daban. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni babu kira, babu data. Wanda duk babukansa ke warwatse a zaurukan WhatsApp da Wattpad ya ga iyakar ajiya a gidan wani. LibreOffice da waɗannan mabuɗai ba sa neman ko megabait ɗaya. Don haka mabuɗi na uku da muke ba da shawara shi ne na ajiya, mai layin Exec=cp -ru /home/suna/Rubutu /media/suna/FILASHI, inda FILASHI yake sunan filashin da aka jona. Latsawa ɗaya za ta kwafe duk abin da ya sauya tun ajiyar baya.

Mun san masu Linux a cikinmu ba su da yawa. Amma tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin su ne akasari a hannunmu, kuma Linux Mint tana tafiya a kansu lafiya, kyauta. Wanda ke tsoron ɗorawa ya nemi ɗalibin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, amma ya fara kwashe rubutunsa zuwa filashi, kuma ya zauna a yi a gabansa. Wanda ya zaɓi zama a Windows shi ma yana da irin wannan mabuɗin: ya latsa dama a kan ɗan hoton, ya shiga Properties, ya duba layin Target, shi ne ɗan'uwan Exec.

Ba mu ce mabuɗi zai gyara zubin labari ko ya raya tauraron da aka gina ba rai ba. Wanda waya kaɗai gare shi kuma ya ci gaba da rubutunsa, babu laifi. Amma garuruwa uku da kowannensu ya fitar da gwamnan jiha ba za su rasa marubutan da za su iya rubuta layi shida ba. Wanda ya gwada bai buɗe ba, ya fara duba layin Exec, ya tabbata sunan fayil ɗin da ya rubuta daidai yake da wanda ke cikin folda, har manya da ƙananan baƙaƙe.