Suna linzami ne, har a ƙofar lakwal

Idan watan Oktoba ya kama, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da yawa sukan kai ɗiyansu makarantun ƴan Katolika na Yamai, Maraɗi ko Damagaram, alhali galibinsu musulmi ne. Sukan tambayi kuɗin shekara, da yawan yaran da suka ci jarrabawa bara. Kaɗan ne ke tambayar sunan da aka rubuta bisa ƙofa.

A al'adar Katolika, ana raɗa wa makaranta sunan wani waliyyi, a sa ta ƙarƙashin kulawarsa, a riƙa bikin ranarsa kowace shekara, a ba yara labarinsa domin su yi koyi da halinsa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Saboda haka zaɓen nan alkawari ne da masu makaranta suka ɗaukar wa uwaye.

Ga misalin Jean-Baptiste de La Salle, wanda aka haifa a Reims ta ƙasar Faransa a 1651. Ɗan masu hali ne, amma ya rabar da dukiyarsa ga matalauta lokacin wata yunwa, ya kafa ƙungiyar malamai masu koyar da ɗiyan talakawa kyauta. Ya sa yara su fara karatu da faransanci, harshen da suke ji, maimakon latinanci. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya ayyana shi majiɓincin malaman makaranta. To, makarantar da ta ɗauki sunansa, ta kuma kori ɗan mai tebur daga aji saboda ragowar jaka biyar, ta ƙaryata allon ƙofarta da kanta.

Ga kuma Josephine Bakhita, ƴar Darfur ta ƙasar Sudan. Masu farautar bayi sun sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu, har ta manta sunanta na yanka. An kai ta Italiya, inda kotu ta tabbatar mata da ƴancinta a 1889. Ta rasu a 1947, aka sa ta cikin waliyyai a 2000. Makarantar ƴan mata da ta zaɓe ta ba ta da hujjar yin shiru ranar da aka zo cire ɗaliba daga aji domin a yi mata auren dole.

Akwai kuma batun zaman tare. Waɗanda suka sa wa kwalejin Yamai suna Mariama sun yi hangen nesa, domin uwar Annabi Isa tana da daraja wurin kirista da musulmi, har sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta gare ta. Uba musulmi yana iya faɗin sunan makarantar ɗiyarsa a masallaci ba tare da nauyin baki ba.

Don haka, kafin a kira mai fenti, ya kamata limaman majami'a da malamai da ƙungiyar uwayen yara su zauna, su auna abu uku: wane hali ne yaro ɗan shekara goma zai iya kwaikwayo, shin uwaye na kowane addini za su ga mutuncin mai sunan, kuma shin makarantar za ta iya cika abin da sunan ya ɗora mata. Uban da ya san labarin mai sunan kuwa, ya samu abin da zai tuna wa shugaban makaranta ranar da aka saɓa.